Zuwana Garwa a Motar Alhaji

Tun da na dawo daga Garwa bakina bai huta ba. In na je gidan suna a tambaye ni, in na je gaisuwa a ja ni gefe a tambaye ni, har mai kawo mana kindirmo ta sauke ƙwarya ta ce, "Goggo, wai da gaske a kan mashin kika shiga gari?" Da gaske ne. To na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana ƙara masa nasa gishirin. Ni ban shiga aji ba, amma aminiyata Malama Rifkatu ta daɗe tana koyar da yara a Jimeta, kuma hannunta bai manta biro ba. Na ce ta zo Wuro Hausa da takarda, in faɗa ta rubuta, kada ta gyara mini baki.

Sai na fara da motar, don ba ita ba labari.

Marigayi Alhaji, maigidana, ya sayi wata doguwar farar mota tun ina goyon ɗana na uku. Mutanen unguwa suka sa mata suna Ngaari, bijimi ke nan da Fulatanci, saboda gurnaninta. Tana tasowa daga bakin kasuwa nake jin ta, in ɗora ruwan shayi. A wancan zamani mai a ƙasarmu araha ne, a Kamaru kuwa da tsada. Yayata, Adda Mairo, a Garwa take aure, kuma duk shekara mukan je mata. Wasu su kai tsarabar atamfa, wasu goro. Mu mai muke kaiwa. Alhaji ya cika tanki har wuya, muna isa, kafin a kawo mana ruwan sha, sai ka ga maƙwabta sun fito da kwalabe. A sa tiyo a zuƙo, ni ina zaune a kan tabarma ina cewa a ba wane, a ƙara wa wance, a bar mana iya na komawa. Ba a karɓar ko sisi. A unguwar Adda sunana Hajja Yola. Na ji daɗin sunan nan, ba zan ɓoye ba.

Da Alhaji ya rasu motar ta koma hannun ɗana na fari. Bobbo nake ce masa, kun san ba a faɗin sunan ɗan fari. Ma'aikacin gwamnati ne a Jimeta, da mata da 'ya'ya biyar. Ana nan aka ce an cire tallafin mai. Ni ban san mene ne tallafi ba, ba a taɓa kawo mini shi gida ba, amma ranar da aka cire shi na ji a tukunyata. Bobbo ya rufe Ngaari da tamfol ya koma hawa keke mai ƙafa uku kamar kowa. Wata rana ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Dada, da a sayar da ita a sayi ƙarama, wadda ba ta shan mai. Akwai mai so."

Na ce, "Ka jira in mutu. Ba zan daɗe ba."

Sau uku ya kawo maganar, sau uku na ba shi amsa iri ɗaya, sai ya daina. Amma duk ranar da zan je asibiti ko ta'aziyya, yakan yaye tamfol ya wanke ta ya kai ni, in sauko a ƙofar mutane kamar yadda na saba. Ban taɓa tambayarsa da me ya zuba mai ba.

To sai ga saƙo daga Garwa. Adda za ta aurar da jikarta, kuma ta ce idonta ya yi rauni, in zo ko muryata ta ji. Rabona da can tun Alhaji yana da rai. Bobbo ya ce mu bi motar haya. Na ce matar Alhaji ba za ta shiga Garwa a matse tsakanin buhun albasa da cinyar wani ba. Na sayar da ragona, na ce ya zuba abin da zai iya a tanki, ya kuma cika mini jarka guda daban. Wannan jarkar ta tsaraba ce, kada a taɓa.

Muka tashi bayan sallar asuba, but ɗin mota cike da buhun masara da tukwanen amarya da garwar man gyaɗa. A gidan mai na Jimeta muka tarar da layi, kusan duk keke ne da ƙananan motoci. Na duba gaba na duba baya, babu tsarar Ngaari ko ɗaya. A gabanmu akwai wani Babarbare mai sayar da huluna, Ba Modu, da wata 'yar mota kamar kwanon sha. Ya zagayo ya shafa bayan tamu ya leƙo ta taga.

"Hajiya, sannu. Wannan mota naka, mai yake sha ko wanka yake yi da shi?"

Na ce, "Taka kuma in ta girma me za ta zama?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce shi ma da babba gare shi, ya rabu da ita, don ya lura ita yake yi wa fatauci ba iyalinsa ba. Shi ma Garwa za shi. Aka zuba masa, kafin in gyara mayafi an gama. Mu kuwa mai zubawa ya tsaya har ya sauya ƙafa, ina kallon Bobbo yana kallon injin kamar mai jiran sakamakon asibiti. Bai ce a cika ba. Na gani, na kau da kai.

Muka haye gada, muka wuce Sangere, 'yan makaranta suna ta tafiya a ƙafa a gefen titi da jakunkuna. A Jabbi Lamba muka bar babbar hanya muka kama ta Belel. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Bayan Malabu muka iske wani kwari da laka ta cinye hanya, ga Ba Modu a tsakiya ya kafe. Manoma biyar suka ajiye fartanya, suka kama 'yar motarsa suka ɗaga ta kamar gadon amarya, suka dire a tudu. Ya ɗago mana hannu ya wuce.

Mu da muka shiga, sai Ngaari ta zauna. Manoman nan suka tura har jijiyar wuyansu ta fito, ko motsi. Bobbo ya yi ta taka ta, tana gurnani tana feshin laka, hayaƙi ya turnuƙe. Tun hantsi muke nan har azahar ta gota. Daga ƙarshe wani dattijo ya kwanto shanun nomansa biyu aka ɗaura igiya, su suka fitar da mu. Na ba shi goro da sabulu daga kayan biki, ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, Dada. Amma in kun dawo ku bi ta gefen dama, shanuna sun tsufa."

Ba mu yi nisa ba Bobbo ya tsaya a gindin wata tsamiya ya kashe mota. Gidajen man da muka wuce a hanyar duk a rufe suke, ciyawa ta fito a bakin famfo. Ya ce, "Dada, allurar mai ta kwanta. Sai jarkar nan."

"Ta mutane ce."

"To sai mu zauna a nan mu jira mutanen."

Bai taɓa mayar mini da magana haka ba. Ina ji yana tuttula ragona a cikin tanki, ƙul-ƙul-ƙul, ban waiwaya ba.

Mun isa Belel rana ta yi ja, aka ce masu duba takardu a iyaka sun tashi sai gobe. Wani mai shayi ya kai mu gidan wata dattijuwa, Inna Dudu, da takan sauki matafiya mata. Bobbo ya kwana a zaure. Ɗakin da ta ba ni na 'yarta ne, gadon kara da gidan sauro mai faci ya fi goma, amma a share tas. Ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da busasshen kifi. Na ci na suɗe hannu, duk da gishirin ya so ya yi yawa. Da safe muna shan kunun gyaɗa na ga mashina uku a jingine a bayan rumbu, kaji suna kwana a kai. Ta ce na 'ya'yanta ne. Da can jarkokin mai suke ɗaurawa su tsallaka Kamaru da su ta daji, abin da garin yake ci ke nan. Yanzu ribar ba ta kai wahalar ba, biyu sun koma gona, ɗaya ya tafi Mubi koyon ɗinki.

Na ce, "Allah sarki, an cuce ku."

Ta ce, "Ban sani ba, Hajja. Da muna da nama a miya, amma kullum sai na ƙirga su in sun dawo. Ɗan maƙwabciyata da jarkokinsa ya ƙone. Yanzu miya lami, barci kuwa har minshari."

Na juya maganar nan a raina har iyaka.

A iyaka ma'aikacinmu ya ga doguwar mota mai babban tanki, ya ce a buɗe. Aikinsa ne, irin waɗannan motoci da su ake ɗaukar mai. Ya zura wata siririyar sanda ya zaro, ya duba, ya sake zurawa. Sai ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi dariya. Ya ce, "Mama, tun da nake nan, ke ce ta farko da za ta shiga Kamaru neman mai." Na ce masa ya gaida uwarsa. A ɗaya gefen zandarma ne, jami'an tsaron Kamaru, na ɗauka Faransanci za su yi mana, sai na ji ɗayan ya ce, "Jabbama, Dada, jam na?" Fulatancinsa ya fi na wasu 'yan Yola. Ya duba katin rigakafina ya juya shi sama da ƙasa, ya buga hatimi, muka wuce.

Bobbo ya so ya sayi mai a garin farko, masu kwalabe suka ce sefa, kuɗin ƙasarsu, suke karɓa, mu kuwa ba mu canza kuɗi ba, don a da nairarmu har roƙonta ake yi a can. Ya ce za mu lallaɓa. Muka lallaɓa har muka wuce Gashiga, sai Ngaari ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ga kayan amarya a ciki, ba a barin su a hanya. Bobbo ya tsayar da wani magidanci mai mashin, ya ce ya kai ni gidan Adda in turo a kawo mai.

Ku da kuke Yola kun san an daɗe da hana acaɓa a garinmu, kuma ko lokacin da ake yi, ni ban taɓa hawa ba. Mutumin ya ce in raba ƙafa kamar yadda matansu suke yi. Na ce ya raba tasa. Na zauna a karkace, na damƙi rigarsa ta baya da hannu biyu, na kama salati. Ya ce, "Dada, kin shaƙe ni." Na ce in na faɗi ma tare za mu tafi. Haka Hajja Yola ta shiga Garwa, mayafi cike da laka, takalmi ɗaya a hannu.

Adda tana zaune a rumfa cikin mata. Na yi sallama, ta ɗago kai ta ce, "Wannan muryar Asabe ce." Ta lalubo fuskata da hannu, muka yi kuka muka yi dariya. Ta ce, "Ban ji motar ba." Na ce tana tafe. Jikokinta maza suka hau mashinansu da kwalabe suka je suka taho da Bobbo.

Kwana huɗu muka yi, kuma na ga abubuwa. Garin nan mashin ne ya ci shi, kamar tururuwa. Mace da goyo da kwandon kasuwa a kan mashin, malami da babbar riga a kan mashin, har akuya na gani an rungume. Mai kuwa a kwalabe yake a kan tebura a bakin titi kamar man ja, suna ce masa zuwa-zuwa, kuma namu ne na Najeriya, sai dai su ma yanzu kuka suke da tsadarsa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗauko shi ba leda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙorin da ya rage. Sai an tsoma a shayi yake zama mutum. Kuɗin ƙarfe har yanzu yana aiki a wurinsu, tsohuwa ta kwance bakin zane ta sayi ƙosai da shi, na tuna zamanin da mu ma muke haka. Da rana tsaka kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, ko da mai saye a tsaye. Amma kifinsu, gaskiya, ko na bakin gadar Jimeta bai fi shi ba. Giwan ruwa ake gasawa a ci da wani rogo da ake naɗewa a ganye, yana da ɗan tsami, na ƙi shi ranar farko, rana ta uku ni na nema.

Abin da ya tsaya mini ya faru ne washegarin zuwanmu. Muna zaune da hantsi sai ga Bappa Hamadu, tsohon maƙwabcinsu, ya rame ya tanƙware, riƙe da kwalba. Ya ji an ce Hajja Yola ta zo da motar. Injin markaɗen matarsa yake so ya tayar. Ya gaishe ni ya ajiye kwalbar a gabana kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Na dubi kwalbar, ga man tsarabar tuni Ngaari ta shanye. Adda ba ta gani, amma ta ji ƙarar kwalba a ƙasa, ta gane. Ta ce, "Hamadu, bana masara ta kawo mana. A auna masa kwano biyu." Ya yi godiya sosai, ya ɗauki kwalbarsa ya sa a aljihu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya, tukwanena sun yi kyau a ɗakinta. Ranar komawa Bobbo ya canza kuɗi zai je ya sayi mai, Adda ta ce ba a gidanta ba. Baƙo ba ya sayen guzurinsa. Ta aika aka kira jikokinta uku da wasu maƙwabta huɗu, duk masu haya da mashin. Suka jera mashinan a ƙofar gida. Kowanne ya durƙusa ya zare tiyon ƙasan tankinsa ya tara kwalba har ta cika, ya zo ya juye a bakin Ngaari. Ina tsaye ina kallo. Tabarmar da nake zama a kai in raba mai, ga ta nan a shimfiɗe a inda take.

Na tambayi babban jikan, "Wannan da ka zuba, ina zai kai ka?"

Ya ce, "Wuni guda nake aiki da shi, Mama. Cefanen gida a ciki yake."

Bobbo ya murɗa makulli. Na sunkuya na dubi allurar nan da idona. Ta ɗan ɗaga kai kamar mara lafiyan da aka kira sunansa, ta tsaya.

"Ina zai kai mu?"

"Belel, in ba mu kafe ba."

Cefanen gida bakwai, Belel. Na so in ce su mayar da abinsu, amma mayar da kyauta zagi ne, ni na fi kowa sani. Na yi godiya, na rungumi Adda. Ta ce a kunnena, "Asabe, in za ki sake zuwa ki zo ke kaɗai. Ke nake so, ba gurnani ba."

Muka kama hanya har muka wuce Gashiga. In mun zo gangara sai in ji Bobbo ya kashe inji ya bar ta ta sulala. Na lura hannunsa ya saba da yin haka. Na ce, "Bobbo, ranar da ka kai ni ta'aziyya Girei, da me ka zuba mai?"

"Allah ne ya hore, Dada."

"Na san Allah ne. Ta hannun wa?"

Ya daɗe yana kallon hanya. Sannan ya ce in ya fitar da motar sau ɗaya, kuɗin kekensa na sati ne, sai ya riƙa sammako yana rage hanyar ofis da ƙafa. Ya ce ba komai, likita ma ya ce tafiya tana da amfani. Daga Yola zuwa Jimeta, mutum mai furfura a gemu, da takalmin ofis. Ni kuwa ina sauka a ƙofar mutane ina gyara mayafi.

Na ce, "Mutumin nan mai son motar, ka kira shi."

"Ya daɗe da sayen wata. Yanzu ba mai neman irinta."

Haka kuwa aka yi. Wata biyu tana zaune ana zuwa ana dubawa ana tafiya. Kowa ƙarama yake nema, ƙananan kuma sun yi tsadar da ba a taɓawa. Da na yarda tun farko da kuɗinta ya sayi ƙaramar mota. Yanzu abin da aka samu bai wuce na keke mai ƙafa uku ba, shi ma na hannu. Shi Bobbo ya saya. Yana zuwa ofis da shi, in ya tashi ya ɗauki fasinja har magariba. Wadda take da magana a kan ɗan Alhaji yana jan keke, ta zo ta same ni, ina gida.

Wanda ya sayi Ngaari wani bakanike ne daga Jimeta. Ranar da ya zo ɗauka na shirya zan shige ɗaki in rufe ƙofa, don kada a ga idona. Na fito alwala ke nan na hangi Bobbo ya yaye tamfol yana wanke ta, har ƙarƙashin tayoyi, motar da za a tafi da ita. Ya gama ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar gefe, ba ta direba ba, inda yake zama yana yaro in babansa yana tuƙi. Ya daɗe a nan. Da bakaniken ya yi sallama, sai ya fito da sauri ya wuce ni ya shiga ɗakinsa, ya bar makullin a kan turmi.

Duk shekarun nan ina ganin ni kaɗai na yi rashi, shi kuwa ƙarfe kawai yake gani. Sau uku ya durƙusa ya roƙe ni a sayar da ita, ban taɓa tunanin abin da roƙon yake ci masa ba.

Na ɗauki makullin na fita. Na ce wa mutumin ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu, kuma ba ta son a taka ta da sanyin safiya. Na tsaya a ƙofar gida har ta sha kwana. Sannan na koma ciki na dama kunun gyaɗa, na kai wa ɗana da kaina.